Fasahar injiniyancin roba

Fasahar injiniyancin roba fanni ne na karatun gaba da sakandare da ke koyar da yadda ake mayar da ɗanyen roba ya zama kayan amfani a masana'anta, kamar bokiti, bututun ruwa, gorar lemo, sirinji, kujera da sassan mota. Ana karanta shi a kwalejojin fasaha da jami'o'i, galibi shekara 2 don difloma ko shekara 4 don digiri. Ƙirƙiro sabon nau'in roba ba ya cikin aikin ɗalibin wannan fanni, domin wannan na masana kimiyyar sinadarai ne. Abin da ake so ya iya shi ne ya san halin robar da ke kasuwa, ya zana kayan da za a yi da mazubin da za a zuba ta, sannan ya saita inji ta yadda kaya na farko da na dubu 100 za su fito iri ɗaya, ba tare da asarar roba ko wuta ko lokaci ba.

Ma'anar suna

Hausa ta ari kalmar "roba" daga sunan da Turanci ke kiran danƙo, wato abin da ake yin tayar mota da shi. A bakin masu magana kuwa, kalmar ta faɗaɗa har ta haɗa da abin da ake yin buta, kofi da kwano. "Leda" ma aro ce, daga kalmar Turanci mai nufin fata, amma yau ba a fahimtarta sai da ma'anar jakar roba marar kauri. Wasu marubuta na amfani da "filastik" don kauce wa ruɗani, sai dai ba kasafai ake jin ta a kasuwa ba. A wannan maƙala, "roba" na nufin filastik, "danƙo" kuma na nufin mai talewa irin na taya. A masana'antu ana raba su, ko da yake wasu makarantu na koyar da su a ƙarƙashin sashe ɗaya.

Tarihi

Masana'antar roba ta girmi karatunta da kusan ƙarni guda. A shekarar 1862 Alexander Parkes ya nuna wani abu da ya kira Parkesine a baje kolin Landan, kuma a 1872 John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa suka yi rajistar injin farko da ke ɗura narkakkiyar roba cikin mazubi a Amurka. A 1907 Leo Baekeland ya samar da Bakelite, robar farko da aka haɗa kacokan daga sinadarai. Duk waɗannan an yi su ne ta hanyar gwaji da maimaitawa, ba tare da an san ainihin abin da roba take ba. Sai a 1920 Bajamushe Hermann Staudinger ya kawo bayanin cewa irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyin sinadari da suka haɗu da juna. Masana da dama sun ƙi yarda da shi da farko, amma a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aiki. Waɗannan sarƙoƙi su ake kira folima.

Daga nan sababbin nau'o'i suka yi ta fitowa. An gano folietilin a kamfanin ICI na Ingila a 1933, nailan kuma a kamfanin DuPont na Amurka a 1935. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara buƙatar roba ƙwarai, bayan yaƙin kuma masana'antu suka koma yin kayan gida da ita. A 1950 abin da duniya ke samarwa bai wuce kimanin tan miliyan 2 a shekara ba. A 2019, bisa ƙiyasin ƙungiyar OECD, ya kai tan miliyan 460.

Matsalar da masana'antu suka fuskanta a farkon wannan bunƙasa ita ce rashin ma'aikatan da suka san kayan. Injiniyoyin kanikanci sun saba da ƙarfe, masana sinadarai kuma sun saba da ɗakin gwaji, babu wanda aka horar don abin da ke tsakani. An kafa ƙungiyar injiniyoyin roba ta SPE a Detroit a 1942. A Jamus aka buɗe cibiyar IKV a jami'ar fasaha ta Aachen a 1950, don bincike da koyar da sarrafa roba. A Amurka kuwa, makarantar Lowell Technological Institute da ke jihar Massachusetts ta buɗe sashen roba a 1954. Asalin makarantar ta koyon saƙa ce, an kafa ta a 1895 don masaƙun garin Lowell, kuma ta juya ga roba ne a daidai lokacin da masaƙun ke rufewa. Ita ce yau jami'ar Massachusetts Lowell. Indiya ta kafa cibiyar CIPET a Madras, wato Chennai ta yanzu, a 1968, kuma tana da rassa a jihohi da yawa na ƙasar.

Bambancinsa da injiniyanci zalla

Sunayen kwasa-kwasan sun yi kama, shi ya sa ɗalibai kan rikita su. Akwai kimiyyar folima, wadda ta fi karkata ga sinadarai da bincike. Akwai injiniyancin roba, mai yawan lissafi da nazari. Sai fasahar injiniyancin roba, wadda ke rage zurfin lissafi ta ƙara sa'o'in da ɗalibi ke yi a gaban inji. Ɗalibin fasaha ma yana karanta lissafi, fiziks da kemistiri, amma tun a shekarar farko ko ta biyu ake sa shi ya ɗora mazubi, ya kunna inji, ya fitar da kaya, ya auna su.

Wannan bambanci ba a suna kawai ya tsaya ba. A Amurka hukumar ABET ce ke tantance kwasa-kwasan, kuma kwamitin da ke duba injiniyanci daban yake da mai duba fasahar injiniyanci. A jihohi da dama mai digirin fasaha kan buƙaci ƙarin shekarun aiki kafin ya sami lasisin ƙwararren injiniya, wasu jihohin kuma ba sa ba shi. A matakin ƙasa da ƙasa ma yarjejeniyoyin amincewa da takardun juna a rabe suke: ta Washington ta 1989 ta injiniyoyi ce, ta Sydney ta 2001 ta masu fasahar injiniyanci, ta Dublin ta 2002 kuma ta masu difloma. Sai dai a cikin masana'antar roba kanta lasisi bai cika zama sharaɗin ɗaukar aiki ba, domin abin da mai masana'anta ke tambaya shi ne ko mutum zai iya gano dalilin da ya sa inji ke fitar da kaya marasa kyau.

Sanin kayan aiki

Darasin farko shi ne raba roba gida biyu. Kashi na farko yana narkewa da zafi, ya daskare da sanyi, kuma ana iya sake narkar da shi, kamar kakin zuma. Kashi na biyu idan ya ƙame sau ɗaya shi ke nan, kamar dafaffen ƙwai. Ƙarin zafi sai dai ya ƙone shi. Mariƙin tukunya na Bakelite da farantin melamin na cikin kashi na biyu. Mafi yawan abin da ake sarrafawa a duniya na kashin farko ne, kuma a kansa karatun ya fi mayar da hankali.

Ɗalibi zai haddace manyan nau'o'i da halayensu. Folietilin marar nauyi, wanda ake yin leda da shi, yana narkewa a wajen digiri 110 na ma'aunin Selshiyos. Folietilin mai nauyi, na jarka da tankin ruwa, sai wajen digiri 130. Folifurofilin, na kujera, buhun shinkafa da murfin gora, yana kai wa digiri 160 zuwa 165. PET, na gorar ruwa da lemo, sai kusan digiri 250. Kowanne da abin da yake ƙi. PET na shan danshin iska, kuma idan aka narkar da shi ba a busar ba, ruwan zai tsittsinka sarƙoƙinsa, gorar ta fito marar ƙarfi ko da ido bai ga aibi ba. PVC, na bututun ruwa da rufin wayar lantarki, idan ya daɗe a cikin inji mai zafi yakan lalace ya saki iskar asid mai cin ƙarfe, mai kuma cutar da numfashi. Ana kuma koyar da abubuwan da ake haɗa wa roba: launi, sinadarin kare ta daga hasken rana, garin farar ƙasa don rage tsada, da zaren gilashi don ƙara ƙarfi.

Abin da ya fi ba sababbin ɗalibai wahala shi ne halin narkakkiyar roba. Ba ta gudana kamar ruwa. Sarƙoƙinta a cukurkuɗe suke kamar dafaffiyar taliya a tukunya, amma idan aka tura ta da sauri ta ƙaramar kafa sai su miƙe su jeru, robar ta yi laushi ta fi saurin wucewa. Wato kaurinta ya dogara ga zafi da kuma saurin da aka tura ta. Idan ta huce, sarƙoƙin kan daskare a yadda suka jeru, don haka kaya kan fi ƙarfi ta wani ɓangare fiye da wani. Yawancin matsalolin da ake gani a masana'anta daga nan suke tasowa.

Hanyoyin sarrafawa

Ɗanyen roba na zuwa masana'anta ne a buhu, ƙwayoyi-ƙwayoyi kamar shinkafa. Kusan duk manyan injuna na da doguwar tukunya mai zafi da wani murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, irin na injin niƙa nama, wanda ke juyawa yana narkar da ƙwayoyin yana tura su gaba. Abin da ke faruwa a bakin tukunyar shi ke bambanta hanyoyin.

A hanyar matsowa, robar na fita ta wata kafa ba tsayawa, kamar yadda kwaɓi ke fita daga injin taliya. Haka ake yin bututu, rufin waya da falle. Idan aka hura iska a cikin abin da ke fitowa ya kumbura kamar balan-balan, sai a sami leda. A hanyar hurawa, ana sa narkakken bututu cikin mazubi a hura masa iska ya manne da bango, a sami jarka ko gora. Manyan tankunan ruwa kuwa da garin roba ake yin su: a zuba a mazubi, a riƙa juya shi a cikin tanda har garin ya narke ya lulluɓe cikinsa. Kofin yogot da mazubin abinci na shan-ka-yar galibi daga falle ake yin su, a ɗumama shi a zuƙe shi da iska ya kwanta a kan mazubi.

Hanyar da ta fi cin lokacin ɗalibi ita ce ɗura, inda inji ke tura narkakkiyar roba da ƙarfi cikin rufaffen mazubin ƙarfe, kamar allura. Zagaye ɗaya ya ƙunshi rufe mazubi, cika shi, ci gaba da dannawa don cike gurbin da raguwa ke bari, jiran sanyi, sannan buɗewa da turo kayan waje. A nan lissafi ke shiga. Idan matsin robar a cikin mazubi ya kai kilogiram 300 a kan kowace murabba'in santimita, faɗin kayan kuma murabba'in santimita 500 ne, to ƙarfin da ke son buɗe mazubin ya kai tan 150. Injin da maƙewarsa ba ta kai haka ba zai bar roba ta tsiyayo ta gefe, kaya su fito da geza. Shi ya sa ake kiran injunan ɗura da yawan tan ɗinsu.

Jiran sanyi shi ne mafi tsawo a zagayen, kuma yana ƙaruwa ne da kaurin bango sau kansa: idan aka ninka kauri daga milimita 2 zuwa 4, lokacin sanyi zai ninka kusan sau 4. Wannan ne dalilin da ya sa masu zane ke yin bango siriri su ƙara masa haƙarƙari ta baya, kamar yadda ake gani a ƙarƙashin kujerar roba. Daƙiƙa kaɗan na da tasiri. Injin da ke fitar da kaya ɗaya kowace daƙiƙa 30 zai yi guda 2,880 a awa 24. Idan aka rage zuwa daƙiƙa 27, zai yi 3,200. Amma wanda ya yi gaggawar buɗe mazubi kafin kaya ya yi sanyi zai ga ya karkace bayan an ajiye shi. Gano iyakar da ke tsakanin waɗannan biyu shi ne ainihin abin da ake biyan mai wannan karatu ya yi.

Mazubi da gwaji

Mazubi sau da yawa shi ne abu mafi tsada a sabon aiki, kuma kuskure a cikinsa na da wuyar gyara, tunda ƙarfen da aka sassaƙe ba ya dawowa cikin sauƙi. Roba na raguwa idan ta huce, kowace da gwargwadonta. Folifurofilin kan ragu da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ko fiye, ABS kuma ba ya kai kashi 1. Don haka mai son kaya na milimita 100 daga robar da ke raguwa da kashi 2 sai ya sassaƙa mazubi na kimanin milimita 102. Ɗalibai na koyon inda za a sa ƙofar shigar roba, yadda za a bi da ruwan sanyaya, kafar da iska za ta fita, da ɗan karkacen bango da ke sa kaya ya zame ya fito. Suna zane a kwamfuta, suna kuma amfani da manhajar da ke nuna yadda roba za ta gudana tun kafin a taɓa ƙarfe. Fitacciyar cikinsu ita ce Moldflow, wadda aka fara a Ostareliya a 1978, kamfanin Autodesk kuma ya saye ta a 2008.

A ɗakin gwaji ana ja samfur har ya tsinke don sanin ƙarfinsa, ana bugunsa da guduma mai lilo don sanin juriyarsa, ana kuma auna saurin gudanar narkakkiyar roba. Wannan gwaji na ƙarshe mai sauƙi ne amma ana yawan amfani da shi: a narkar da folietilin a digiri 190, a ɗora nauyin kilogiram 2.16, a auna giram nawa ke fita cikin minti 10. Lambar da aka samu ita ke nuna ko robar ta dace da ɗura ko da hura leda. Ƙungiyoyin ASTM da ISO ne ke tsara ƙa'idojin waɗannan gwaje-gwaje. Ana haɗa wa da darussan kula da inganci ta hanyar ƙididdiga, lantarki da na'urorin sarrafa inji, da kiyaye lafiyar ma'aikaci, domin narkakkiyar roba na manne wa fata, mazubi mai rufewa da ƙarfin tan 150 kuma ba ya barin hannu.

Inda ake karantawa

Makarantun da ke ba da cikakken digiri a wannan fanni ba su da yawa ko a Amurka, kuma galibi suna kusa da masana'antu. Jami'ar Ferris State a jihar Michigan, jihar da ta shahara da ƙera motoci, ta fara kwas ɗin roba a 1969. Akwai reshen Behrend na jami'ar Penn State a garin Erie, da Pennsylvania College of Technology a Williamsport, da jami'ar Pittsburg State a Kansas, da Shawnee State a Ohio. Jami'ar Akron, a garin da ya yi suna da kamfanonin taya, ta fi shahara a ɓangaren kimiyyar folima. A Jamus ana koyon sana'ar ta hanyar raba lokaci tsakanin makaranta da kamfani, baya ga digiri a jami'o'in fasaha.

A Najeriya fannin kan zo da sunan folima, sau da yawa haɗe da saƙa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da sashen injiniyancin folima da saƙa, haka ma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri, kuma digirin shekara 5 ne. A ɓangaren difloma akwai kwalejin fasaha ta Yaba da ke Legas, da ta Auchi a jihar Edo, da cibiyar nazarin fata ta NILEST da ke Samaru a Zariya. Tsarin shi ne shekara 2 na ƙaramar difloma, shekara 1 ta koyon aiki, sannan shekara 2 na babbar difloma. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ce ke tantance kwasa-kwasan difloma, COREN kuma ke yi wa masu aikin injiniya rajista, inda take ware injiniya daga mai fasaha. Masu shiga kan buƙaci kiredit a lissafi, fiziks, kemistiri da Turanci.

Da yake rabin karatun a gaban inji ake yin sa, darajar kwas ta dogara sosai ga kayan aikin makarantar. Jerin darussa a takarda na iya zama iri ɗaya a makarantu biyu, amma ɗalibin da ya gama bai taɓa saita injin ɗura da hannunsa ba, sai ya sake koyo daga farko a masana'anta. Mai neman shiga zai amfana idan ya bincika ko an tantance kwas ɗin, ko injunan na aiki, da kuma inda ɗalibai ke zuwa koyon aiki.

Aiki da batun shara

Waɗanda suka gama kan yi aikin saita injuna, zanen mazubi, kula da inganci, shugabancin layin samarwa, ko sayar da ɗanyen roba da injuna tare da ba da shawarar fasaha. Masana'antun motoci, kayan asibiti, mazubin abinci da kayan gini ne manyan masu ɗauka. A Kano, unguwannin masana'antu na Sharaɗa, Challawa da Bompai na da kamfanonin da ke yin buta, bokiti, tabarmar roba, silifa da leda, kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas kuma na samar da ɗanyen folietilin da folifurofilin.

Sharar roba ta canja abin da ake koyarwa. Ƙiyasin OECD ya nuna kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ta duniya aka sake sarrafawa a 2019. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma a 2022 taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi ya amince a fara tattauna yarjejeniya kan gurɓatar roba. Yanzu makarantu da yawa sun ƙara darussa kan sake sarrafawa, robar da ake yi daga tsirrai, da zana kaya ta yadda za a iya wargaza su a sake narkarwa.

Sake sarrafawa ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Lambobin 1 zuwa 7 da ake gani a gindin kayan roba, waɗanda aka fara amfani da su a Amurka a 1988, nau'in roba kawai suke nunawa, ba tabbacin cewa za a iya sake sarrafa kayan ba. Nau'o'i daban-daban ba sa gauraya idan aka narkar da su tare, kuma ɗan PVC kaɗan ya isa ya ɓata tulin PET. Kowace narkarwa na rage ingancin sarƙoƙin, shi ya sa ake gauraya tsohuwar roba da sabuwa bisa awo. Ɗaya daga cikin dabarun rarrabewa da ɗalibai ke gwadawa tun da wuri ita ce ta ruwa: idan aka niƙa gorar lemo da murfinta aka zuba a tanki, PET zai nutse domin ya fi ruwa nauyi, murfin folifurofilin ko folietilin kuma ya taso sama a kwashe shi daban.